Sawun da Hansai Ta Kife da Ƙwarya

Da gari ya waye ranar Talata a Unguwar Sanda, wani ɗan ƙauye da ke bayan Tsiga, sai aka tarar da turakun Hansai biyu a kafe, babu igiya, babu shanu. Shanun huɗa ne, bijimai biyu farare, ga shi ruwa ya sauka, kowa na shirin shiga gona. Kafin a gama shan koko labari ya zaga gari, kuma kamar yadda muka saba, kowa ya iso da nasa ɓarawon a baki. Wasu suka ce mutanen daji ne. Wasu suka ce mutanen daji ba sa ɗaukar biyu su bar garken maƙwabci. Wasu kuwa suka yi ƙasa da murya suna satar kallon gidan Isah, ƙanin marigayi mijin Hansai, wanda tun ranar rabon gado yake cewa yana da haƙƙi a shanun nan.

Mai unguwa ya aika a kira Malam Rabe mai bin sawu. Tsoho ne siriri, tun yana saurayi yake bin sawun dabbobin sata daga nan har bakin Malumfashi, kuma kullum kansa a sunkuye yake tafiya. Mutane na tsokanarsa da cewa in kun haɗu, ƙafarka yake fara gaisarwa kafin ya ɗago ya ga ko wane ne. Ba ya musu, don ya san gaskiya ne.

Ya iske Hansai zaune a bakin turke. Matan unguwa sun cika gidan suna jajantawa, amma ita ko ɗigon hawaye babu a idonta. Kusa da ƙafarta akwai wata ƙwarya a kife a ƙasa.

"Malam Rabe, an tashe ka a banza," in ji ta. "Ba sata ba ce. Mai su ne ya zo ya ɗauki abinsa."

"Wane mai su?"

Ta kau da kai gefe. "Wancan."

Rabe bai sake tambaya ba, don ya san wa take nufi. Zubair ɗan farin Hansai ne, ita kuwa macen zamanin da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama hira da shi, ko abinci ta zuba masa sai ta ba wani ya miƙa. Damina biyu ke nan da ya tafi haƙar zinare can cikin saharar Nijar tare da amininsa Labo. Labo ya dawo bara. Zubair ya tsaya, sai saƙonninsa ke zuwa ta waya.

Hansai ta ɗaga ƙwaryar a hankali. A ƙarƙashinta akwai sawun takalmi a danshin ƙasa, babba, da facin taya a dunduniya wanda aka tsaga a gicciye. Duk yaron da ya tashi a unguwar nan ya san takalmin. Da shi Zubair yake huɗa, da shi kuma ya hau motar tafiya.

"Na kife shi don kada awaki su taka," in ji ta. "Da safen nan ma saƙonsa ya shigo wayar Labo. Ya ce matsala ce ta taso masa, ya zo ya ɗauki shanun, kada a neme shi."

Samarin da ke tsaye a ƙofa suka fara guna-guni. Wane irin ɗa ne zai zo har turken gidansu da asuba, ya kasa leƙa ɗakin uwarsa ya gaishe ta? Hansai ta ji su sarai, ba ta ɗago ba.

"Ya dai zo," ta ce. "Ƙafarsa ta taka gidan nan. Ni wannan ya ishe ni."

Rabe ya daɗe a tsugune yana kallon sawun. Daga baya ya miƙe ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ko mai su ne ya ɗauka, bari in ga inda ya kai su."

* * *

Sawun ya fita ta bayan gida, ya ratsa gonar masara, ya nufi fadama. Tun a gonar Rabe ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. Shanun ba bin mutumin suka yi ba, jan su ya yi. Kofatansu sun yi ta turjiya suna tona ƙasa, a wani wurin ma ɗayan ya ja da baya har ya karya kunya guda. Zubair kuwa shi ya yi renon bijiman nan tun suna maruƙa, da fito kawai yake kiran su su biyo shi kamar karnuka. Rabe ya ce wa kansa to, an daɗe ba a haɗu ba, dabba na iya mantuwa. Ya faɗa ne don yana so hakan ta kasance. Ya san Zubair tun yana rarrafe, kuma ya ga fuskar Hansai lokacin da ta ɗaga ƙwaryar nan.

A tsakiyar fadama taɓo ya yi laushi. Nan takalmin hagu ya nutse ya maƙale, ƙafar ta zare ta fito tsirara, mai ita ya taka laka sau ɗaya kafin ya juyo ya ciro takalmin. Sawun ya fito tas, kamar an dangwala hannu a ƙullu. Yatsu uku ne kawai a jiki, ƙaramin da na kusa da shi babu. Rabe ya tsinko kara ya auna ƙafar, ya auna takalmin. Ƙafar ta gaza takalmin da nisa.

Ya zauna a kan wani gungume. Mutum na iya rasa yatsu a ramin zinare, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma Zubair ƙato ne, takalmin nan cif yake yi masa, kuma ba a taɓa jin ƙafar babban mutum ta koma ƙarama ba. Wani ne a cikin takalmin. Tambayar da ta tsaya masa a wuya ita ce yadda aka yi takalmin ya dawo gida ba tare da mai shi ba.

Ya bi sawun har bakin kwaltar da ta tashi daga Funtua zuwa Malumfashi. A nan ya ga inda a-kori-kura ta ja baya aka loda shanun. Daga nan kuma ƙasa ba ta da sauran abin da za ta gaya masa.

* * *

Ya fara da Isah, tunda shi gari ya riga ya yanke wa hukunci. Ya same shi a gona yana zuba taki, ƙafa ba takalmi, yatsunsa goma cif suna baje a ƙasa. Tun daga nesa Isah ya fara faɗa.

"Na san za ka zo! Duk abin da ya ɓace a garin nan Isah ne. Ko kaza ta ƙi yin ƙwai, Isah ne. To bincika, ga ni, ga gona!"

"Sannu da aiki na zo yi maka, Isah."

"Riƙe sannunka. Ni da ake zargi, ni ma yaron nan ya ci ni. Bayan sallar layya ya turo mini saƙo wai yana kwance ba lafiya, ba kuɗin magani. Masarar da na ajiye ta iyali na kai kasuwa na tura masa. Ɗan wana ne, in bar shi ya mutu a ƙasar mutane? Ko na gode bai ce ba. Bayan wata ya sake turowa wai an kama shi a kan iyaka."

"Ka kira shi?"

"Na kira mana. Ba ya ɗagawa. Sai ya rubuto wai wayar ta faɗa rami, ba a jin magana, sai dai rubutu."

"To tun da ya tafi, ka taɓa jin muryarsa?"

Isah ya dakata da kwanon taki a hannu. Faɗan ya ɗan sauka daga fuskarsa. "A farkon tafiyarsu na ji. Daga baya kuwa... a'a. Sai rubutu."

* * *

A Tsiga, Rabe ya tsaya shagon Sama'ila mai POS, wanda duk kuɗin da aka tura wa Zubair ta hannunsa suka bi. Wasu na cewa ai shi ke karkatar da su. Sama'ila saurayi ne mai surutu, yana zaune ƙarƙashin laima da silifas a ƙafa. Rabe ya ƙirga yatsun tun kafin ya yi sallama, suna nan daidai.

"Baba Rabe, ni suna nake dubawa," in ji Sama'ila. "In na sa lambar asusu, sunan Zubair ke fitowa. Na karanta wa mai turawa, ya ce shi ne, in tura. Inna Hansai ma ta kawo na awakinta, ta kawo na gyaɗarta. Ina laifina?"

"Wanda ke riƙe da layin wayar mutum, zai iya taɓa kuɗin asusunsa?"

"In ya san lambar sirrinsa, ai shi ke nan, ya zama shi. Zai cire, zai tura, har bashi zai ci da sunansa. Kai, ba ka ji ba? Wani kamfanin ba da bashi ta waya ya fara turo wa mutane saƙo da hoton Zubair, wai mayaudari ne, ya ci ya gudu. Ni ma ya shigo mini. Ban dai gaya wa Inna ba."

Ya waiga hagu da dama, ya matso. "Bari in gaya maka wani abu. Na taɓa gwada kiran layin, ya shiga kafin a kashe. In ka kira wanda ke Nijar, ƙarar shigar daban take. Wannan ƙarar gida ce, Baba. Wallahi Zubair yana ƙasar nan. Ni a ganina yana Funtua ya ɓuya, ya lalace, kunyar dawowa yake ji."

Rabe ya yi masa godiya ya tashi. Da a ce bai bi ta fadama ba, da ya karɓi wannan magana da murna. Ɗa lalatacce a Funtua ana iya zuwa a ɗauko shi, a yi masa faɗa, a kawo wa uwarsa. Amma abin da Sama'ila ya tabbatar masa shi ne wayar tana gida, kamar yadda takalmin yake gida.

* * *

Ya koma gidan Hansai bayan azahar. Mata sun watse, tana tsakar gida tana tsince wake a faifai.

"Hansai, tambaya zan yi miki, kada ki ji nauyi. Yaushe rabonki da jin muryarsa?"

Ta yi 'yar dariyar kunya, ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba Malam Rabe. Ni zan kara waya a kunne in yi ta zance da shi, mutane na kallo? Ai ko yana gida ba ma haka."

"To ya kuke yi?"

"Labo ke zuwa. Wani lokacin ya shigo da wayar a kunne ya ce, Inna ga shi a layi. Ni kuwa sai in shige ɗaki, in ce daga ciki a ce masa ina gaishe shi, Allah ya tsare. In rubutu ne ya karanta mini. Bushra ce ma mai ƙorafi, ƙanwarsa da ke aure a Malumfashi, wai ba ya ɗaga kiranta. Na ce mata ta bar shi, wanda ke cikin rami ina ya ga lokacin hira."

Ta ci gaba da tsintar waken, amma hannunta ya rage sauri. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai da ka bi sawun... an ce kuna gane nauyin mutum. Ya rame ne?"

Rabe ya sha bin sawun ɓarayi masu bindiga bai ji tsoro ba, amma wannan tambaya ta sa ya rasa inda zai sa idonsa. Tausayinta ya kama shi. Ya ce, "Ban gama dubawa ba tukuna."

Ana haka sai ga sallamar Labo, da ƙunshin itace a ka. Saurayi ne gajere, mai ladabi, tun dawowarsa shi ke yi wa Hansai huɗa, shi ke gyara mata danga. Fuskarta ta washe. Da shi babu kunya, don haka duk abin da ba ta iya yi wa ɗanta ba, shi take yi wa. Ta tsokane shi da rashin aure, ta tashi ta ɗauko masa ɗumamen tuwo da man shanu, ta tsaya a kansa sai ya ci.

Labo ya durƙusa ya gaida Rabe. "Baba, an samu wani abu?"

"Ana nema. Kai ne ka fi kowa jin ɗuriyarsa. Yaushe kuka yi magana?"

"Makon jiya, Baba."

"Rubutu, ko da baki?"

"Da baki. Ya ce mini yana cikin damuwa, amma bai ce zai zo ba."

Rabe ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa kamar kullum. Labo ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, amma bai cire safa ba. Safa ce mai kauri, cikin zafin damina, rana tsaka. Sai a lokacin Rabe ya tuna cewa tun dawowar yaron nan bai taɓa cin karo da sawunsa tsirara ba, ko a bakin rijiya, ko a wurin alwala.

Ya yi musu sallama ya fita. Bai nufi gidan mai unguwa kai tsaye ba. Ya tsaya a gindin wata ɗorawa ya daɗe, yana neman hanyar da zai bi gaskiyar ta fito ba tare da ta bi ta kan Hansai ba. Bai samu ba.

* * *

Bayan la'asar mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa. Isah ya zo yana huci. An ɗauko Sama'ila a mashin daga Tsiga. Labo na tsaye cikin samari. Mata suna cikin zaure, Hansai na cikinsu tare da Bushra, wadda ta taso daga Malumfashi da jin labarin. Rabe ya sa aka share ƙasa a gaban taron, aka yayyafa mata ruwa.

"Jama'a," ya ce, "takalmin da ya kwance shanun nan na Zubair ne, ba shakka. Layin da ke turo saƙo nasa ne. Asusun da kuke tura wa kuɗi nasa ne. Amma na zaga yau ina tambaya, wa ya ji muryarsa tun bara? Baffansa Isah bai ji ba. Ƙanwarsa ba ta ji ba. Mahaifiyarsa kunya ta hana ta. Duk mun ga suna, mun yarda, ba wanda ya tsaya ya ce sai na ji shi da kunnena kafin in saki abin hannuna."

Rabe ya juya ya fuskanci mai unguwa.

"A fadama takalmin ya zare, na ga ƙafar da ke ciki. Ba ta Zubair ba ce. Ranka ya daɗe, ina roƙon duk wanda ya taɓa hulɗa da maganar nan ya cire takalmi ya taka ƙasar nan."

Isah ne ya fara, ya buga ƙafa da ƙarfi kamar mai kashe kunama, ya juyo yana hararar jama'a. Sama'ila ya bi. Samari suka bi ɗaya bayan ɗaya, wasu na dariya. Rabe na duba kowane sawu ya ce a wuce. Labo ya cire takalmi ya tako da safa.

"Har safar, ɗana," in ji Rabe a hankali.

Labo ya tsaya. Ya dubi mai unguwa, ya dubi ƙofar zaure. Sai ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya zare safar hagu da kansa. Yatsu uku ne, gefen ƙafar ya warke da tabo baƙi.

Samari suka yo kansa. Mai unguwa ya daka musu tsawa suka ja baya. Rabe ya tsuguna a gabansa, bai tambaye shi shanu ba, bai tambaye shi kuɗi ba.

"Ina mai takalmin?"

Labo ya kifa kai a gwiwa. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta, amma kowa ya ji, har na cikin zaure.

"Rami ne ya rufta. Ni ke ciki, dutse ya danne mini ƙafa. Shi yana sama, ya cire takalmi ya sauko ya ciro ni, ya turo ni waje. Kafin ya fito sauran ya zubo." Ya ja numfashi. "Kafin azumin bara ne. Na kwaso kayansa na taho da niyyar in faɗa, wallahi da niyyar in faɗa. Ina shiga gidan Inna ta tare ni da ruwa, ta ce ya wancan? Na ji bakina ya ce yana lafiya."

"Daga nan fa?" in ji mai unguwa.

"Daga nan saƙon Bushra ya shigo wayarsa, na amsa don kada ta damu. Na san lambar sirrinsa, ni yake aikawa in cire masa kuɗi a can. Na dawo ba ko sisi, ga ƙafa na ruɓewa, na taɓa kaɗan na yi magani. Sai na ga ba wanda ya tambaya. Sai na ci gaba." Ya share hanci da hannun riga. "Masu bashin waya suka matsa, suka ce za su turo har gida. Na ce in suka zo asiri ya tonu. Shi ya sa na kwance shanun. Na san za a kira Baba Rabe, shi ya sa na sa takalmin."

Isah, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya juya wa jama'a baya yana share ido da hula. Sama'ila ya dafe kai yana ta maimaita cewa shi suna ya gani. Daga cikin zaure kukan Bushra ya tashi. Mai unguwa ya fara ba da umarni a kira 'yan sanda, a karɓo wayar a je a rufe layin da asusun, a bi dillalin da ya sayi shanun. Ba wanda ya motsa, don Hansai ta fito.

* * *

Ta tako a hankali har gaban Labo, mutane na buɗa mata hanya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya tana kallon yaron da ta ciyar da hannunta ɗazu da rana.

"An yi masa wanka?"

"An yi, Inna. Da muka tono shi."

"An yi masa sallah?"

"Mun yi. Mu kaɗan ne, amma mun yi."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin gero. Sai ta ce, "Kullum in na idar da sallah, sai in ce Allah ka ba shi sa'a, ka tsare shi, ka dawo da shi lafiya. Azumi biyu na yi ina roƙa masa abin masu rai. Yana kwance shi kaɗai a ƙasar da ba shi da kowa, babu bakin da ya ce Allah ya jiƙansa. Ko ƙwayar gero ban yi masa sadaka ba."

"Inna, ki yafe mini..."

"Shanun na yafe. Awakin na yafe, da gyaɗar." Ta dube shi cikin ido. "Wannan kuwa ban san yadda ake yafe shi ba, Labo. Ban sani ba."

Ta juya ta dubi ƙanin mijinta. "Isah, a fitar da tabarmi ƙofar gida. A aika Tsiga, a aika Malumfashi, a gaya wa dangi an yi mana rasuwa."

Kafin rana ta faɗi an shimfiɗa tabarmin. Maza suka zauna a waje, mata suka cika tsakar gida, aka fara zaman makokin da ya makara da fiye da shekara. Rabe ya so ya zame ya tafi gida, don yana ganin shi ya kawo mata wannan rana da ƙafarsa. Amma Isah ya riƙo hannunsa ya ce Rabe ne babba, shi zai fara shiga.

Rabe ya shiga ya tsuguna nesa kaɗan da Hansai. A karon nan bai kalli ƙasa ba, ya ɗago ya dube ta.

"Hansai, ya haƙuri?"

"Da godiya, Malam Rabe."

"Allah ya jiƙan Zubair. Allah ya sa ya huta."

Ta buɗe baki za ta ce amin, kukan ya riga ta fitowa.